Amsa kan 'yan ƙwallayen da ke ƙone ciwon dajin hanta daga ciki: masu narkewa da marasa narkewa

Wani bawan Allah daga unguwar Mabera a nan Sakkwato ya aiko mini da tambaya game da mahaifinsa, wanda aka gano yana da ciwon daji a hanta. Ya ce sun tura sakamakon gwaje-gwajensa zuwa wani asibiti a ƙasar waje, likitocin can suka amsa da cewa ƙarin ya wuce a yanke shi, amma ana iya zura wasu 'yan ƙwallaye na gilashi masu ɗauke da haske mai ƙuna ta cikin jijiyar jini, su je su ƙone shi daga ciki. Abin da ya tayar wa iyalin hankali shi ne jin cewa gilashin zai zauna a jikin dattijon har abada. Daga baya ƙanensa ya karanta cewa akwai wani iri da ke narkewa a jiki bayan ya gama aiki. Don haka yake tambaya ko su dage sai da mai narkewa za a yi wa Baba, da kuma ko zai zama haɗari ga jikokinsa idan ya dawo gida.

Malam, Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce, ku kuma Ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da shi. Amsata a taƙaice ita ce kada ku sa narkewar ƙwallayen ta zama sharaɗi, domin ba ita ce za ta raba tsakanin samun amfani da rashinsa ba. Amma ba na so ka karɓi wannan don kawai likita ya faɗa, saboda haka bari in warware maka yadda abin yake.

Komai ya samo asali ne daga wata baiwa da Allah Ya yi wa hanta, wato hanyoyi biyu na shan jini. Babbar hanyar ita ce wadda ke kwaso jini daga hanji ɗauke da abincin da aka narkar, kuma ita ke ba hanta kimanin kashi uku cikin huɗu na jininta. Ragowar kashi ɗayan yana zuwa ne ta wata jijiya da ta taso daga ɓangaren zuciya. Ƙarin daji kuwa, da zarar ya ɗan girma, kusan duk jinin da yake sha ta wannan hanya ta biyu yake samunsa. Ka ɗauka kamar fadama ce a Kwalkwalawa da magudanan ruwa biyu ke shayar da ita, albasa tana sha daga babbar, ciyawar da ta addabi manomi kuma ta dogara kacokan ga ƙaramar. Duk abin da manomin ya zuba a ƙaramar magudanar, ciyawar ce za ta fi kwasarsa. A kan wannan hikima aka gina maganin baki ɗaya.

Dalilin da ya sa aka bi wannan hanya maimakon gashin da muka saba da shi, irin wanda ake yi da na'ura a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, shi ne hanta ba ta jure wa hasken idan aka haska ta gaba ɗaya. Ma'aunin yawan hasken da tsoka ta sha ana kiransa Gire. Idan ilahirin hanta ya sha abin da ya haura Gire 30 zuwa 35, tana iya lalacewa, alhali ƙarin yana bukatar ninkin wannan kafin ya mutu. Da ƙwallayen kuwa ana iya kai Gire fiye da 100, har fiye da 200, cikin ƙarin shi kaɗai, sauran hantar ta sha kaɗan.

Ƙwallayen ƙanana ne ƙwarai. Faɗin kowace ɗaya yana tsakanin maikuromita 20 zuwa 60, mafi yawansu ba su kai rabin kaurin silin gashin kai ba, kuma idan ka ga kwalbar da aka zuba miliyoyinsu sai ka zaci ɗan garin alli ne ya kwanta a ƙasan ruwa. An zaɓi wannan girman da gangan, domin su iya kutsawa cikin ƙananan jijiyoyin ƙarin, amma su kasa wucewa ta mafi ƙanƙantarsu, sai su maƙale a nan. Abin da aka fi ɗora musu shi ne wani sinadari da ake kira itiriyom-90. Haskensa ba ya tafiya nesa a cikin tsoka, yawanci bai wuce milimita 2 da rabi ba, iyakarsa kuma kusan milimita 11, wato bai kai faɗin farcen babban yatsa ba. Sannan ƙarfinsa yana raguwa zuwa rabi a duk sa'o'i 64. Bayan mako biyu abin da ya rage bai kai kashi 3 cikin ɗari ba, bayan wata guda kuma ya zama kamar babu.

Wannan lissafin shi ne farkon amsar tambayarka. Abin da ke zama a jiki har abada ba wuta ba ne, tokarta ce. Bayan wata ɗaya, ƙwallayen gilashin sun zama 'yan tsakuwoyi marasa aiki, waɗanda dukansu ba su cika bakin cokalin shayi ba, suna kwance a cikin tsokar da ta riga ta ƙone ta zama tabo. An daɗe ana amfani da su. Tun a shekarun 1960 wani likitan tiyata a birnin New York mai suna Irving Ariel ya fara gwada wannan dabara. Irin na gilashi, mai suna TheraSphere, ya fito ne daga binciken da Delbert Day da Gary Ehrhardt suka yi a Jami'ar Missouri a shekarun 1980, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ba shi izini na musamman a 1999, sannan cikakken izini a 2021. Akwai kuma na roba mai tauri, SIR-Spheres, wanda ya fito daga Ostireliya, ya samu izinin Amurka a 2002. Duka biyun ba sa narkewa, kuma a tsawon waɗannan shekaru matsalolin da ake gani suna zuwa ne daga hasken idan ya sauka inda bai kamata ba ko ya yi yawa, ba daga zaman gilashin ba.

To, me ya sa masana suke ta ƙoƙarin ƙera masu narkewa? Dalilan suna da ƙarfi, kuma ni kaina ina cikin masu fatan wannan aiki ya kai gaci. Ciwon dajin hanta yana yawan dawowa, kuma majinyaci kan bukaci a sake shiga ta hanyar da aka bi da farko, ko da ƙwallaye ko da wani magani. Idan abin da aka zuba ya narke, jijiyoyin za su sake buɗewa sarai. Gilashi kuma yana da nauyi, ya ninka jini fiye da sau uku, don haka yana saurin kwantawa a cikin bututu, alhali robar da ke narkewa ta fi kusa da nauyin jini, ta fi bin gudunsa. Akwai kuma burin a kai irin wannan magani wasu gaɓoɓin da ba hanta ba, ko a yi allurarsa kai tsaye cikin ƙari, inda ba a son barin baƙon abu. Kayan da ake gwadawa sun haɗa da sinadarin albumin na jinin ɗan Adam, da jelatin, da sitaci, da wani abu da ake samu daga ɓawon jatan lande, da wani daga ciyawar teku. Amma wanda ya fi nisa shi ne wata roba da ake yi daga sinadarin da ke sa nono tsami, dangin wadda ake yin zaren ɗinki mai narkewa da ita. Duk matar da aka yi wa tiyatar haihuwa aka ce mata ba sai ta dawo cire zare ba, ta san irin wannan roba a jikinta: ruwan jiki ne ke cinye ta sannu a hankali har ta ɓace.

Wahalar aikin tana cikin lokaci, kuma a nan nake so ka tsaya ka lura. Ƙwallon tukunya ce, hasken kuma garwashi ne a cikinta. Idan tukunyar ta fashe kafin garwashin ya mutu, wutar za ta bazu a gida. Itiriyom da ya kuɓuce daga mazauninsa ba ya tsayawa a hanta, jini ne ke ɗaukarsa ya kai shi ƙashi, ya je ya ƙone ɓargo, inda jiki ke ƙera jini. Wannan ba hasashe ba ne, ya faru a gwaje-gwajen farko, lokacin da sinadarin ya riƙa zubowa daga ƙwallayen da ba a ƙera da kyau ba, majinyata suka shiga mummunan ƙarancin jini, kuma wannan ne ya sa aka koma ga gilashi, inda ake narka sinadarin a cikin jikin gilashin kansa ta yadda ba shi da hanyar fita. Saboda haka ƙwallo mai narkewa dole ne ta riƙe kanta gam har hasken ya ragu zuwa rabi aƙalla sau goma, sannan ta fara sakin jiki. Ga itiriyom-90 wannan kusan wata guda ke nan. Ƙwallayen sitaci, alal misali, cikin ƙasa da sa'a guda rabinsu ke narkewa a jini, don haka suna da amfani wajen kai maganin daji na ruwa, amma ba za su iya riƙe garwashi irin wannan ba. Ga kuma wata matsalar: galibi sai an saka ƙwallayen a cikin tukunyar nukiliya kafin su ɗauki hasken, gilashi yana jure wa zafin wurin, roba kuwa tana iya tsagewa ko ta yi laushi tun kafin ta isa ga majinyaci.

Wadda ta tsallake waɗannan shingaye har ta kai ga samun izinin amfani a jikin mutane ita ce wadda aka ƙirƙira a asibitin Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan, aka sa mata suna QuiremSpheres, ta samu izinin Turai a 2015. Robar zaren ɗinki ce, ɗauke da sinadarin holmiyom-166, wanda ƙarfinsa ke raguwa zuwa rabi a kusan sa'o'i 27, wato cikin kwana goma sha ɗaya ya gama aikinsa, robar kuma tana ɗaukar lokaci mai tsawo bayan haka kafin ta ruguje. Sai dai abin da likitoci suka fi yabawa a gare ta ba narkewar ba ce. Holmiyom yana fitar da wani ɗan haske da kyamarar asibiti ke iya ɗauka, kuma yana fitowa a hoton na'urar maganaɗisu, don haka bayan an zuba shi likita yana iya ganin inda ƙwallayen suka sauka, ya lissafa abin da ƙarin ya sha. Babu wani babban gwaji da ya nuna cewa wanda aka yi wa da wannan ya fi wanda aka yi wa da gilashi tsawon rai. Sauran ire-iren masu narkewa kuwa, mafi yawansu suna ɗakin bincike ko ana gwada su a kan dabbobi. Idan kuka ce sai su, kuna iya ɓata makonni kuna nema, ƙarin kuma ba ya jira.

Saurin mutuwar hasken, wanda alheri ne ga jikin majinyaci, shi ne babban cikas gare mu a nan. A lokacin da nake samun horo a wata cibiya a ƙasar waje, na ga yadda ake karɓar kwalbar: 'yar ƙarama ce kamar ta turare, a cikin tukunyar darma mai nauyin da sai an sa hannu biyu, an rubuta ranar da sa'ar da aka auna ƙarfinta a jiki. Kowa a ɗakin agogo yake kallo, domin an ƙera ta ne don mutum ɗaya, don rana ɗaya. Idan jirgi ya yi jinkirin kwana biyu, itiriyom ya koma kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙarfinsa, holmiyom kuwa bai kai kashi 30 ba. Ka auna wannan da tafiyar kaya daga Turai zuwa Legas ko Abuja, da binciken kwastan, da izinin hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, sannan a taso zuwa Sakkwato. Tukunyar nukiliyar da muke da ita a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, ƙarama ce ta bincike da koyarwa, ƙarfinta bai isa wannan aiki ba. Shi ya sa wannan magani bai zama aikin yau da kullum a asibitocinmu ba, duk da cewa akwai sassan likitancin nukiliya a Asibitin Koyarwa na Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. A ganina, abin da ya fi dacewa da ƙasa irin tamu shi ne wani sinadarin mai haske da ake kira reniyom-188, domin ana tatsarsa a cikin asibiti daga wata 'yar na'ura mai ɗauke da uwar sinadarin, wadda sai bayan kwana 69 ƙarfinta ke raguwa zuwa rabi, don haka takan yi watanni tana aiki. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta taɓa ɗaukar nauyin gwajinsa a kan ciwon dajin hanta a wasu ƙasashe masu tasowa, an kuma gwada ɗora shi a kan ƙwallayen albumin masu narkewa a Jamus. Idan wata rana masu narkewa za su amfani talakan Arewa, ta wannan ƙofa nake sa ran su shigo.

Yanzu ga abin da ya kamata ya ɗauki hankalinku, wato ko Baba yana cikin waɗanda maganin zai amfana. Yawancin masu ciwon dajin hanta a wajenmu sun daɗe da ciwon hanta nau'in B, hantar ta riga ta yi tauri ta ƙanƙance kafin ƙarin ya fito. Idan idanunsa sun yi ɗorawa, ko ruwa ya taru a cikinsa, ko ma'aunin shawara a jininsa, wanda ake kira bilirubin, ya haura 2 a ma'aunin mg/dL, ko ciwon ya bazu zuwa huhu da ƙashi, ko ya kai ga ba ya iya tashi daga shimfiɗa, to wannan magani ya fi kusa da cutar da shi, domin ragowar hantar ba za ta iya ɗaukar nauyin ba. Ina roƙonka ka sa likitan da ke duba shi a nan ya tantance waɗannan abubuwa kafin ku sayar da gona ko gida, domin aikin yana da tsada ƙwarai, kuma na sha ganin iyalan da suka yi tafiyar, aka duba majinyacin kwana biyu aka ce su koma gida.

Ko da ya cancanta a takarda, ba a zuba ƙwallayen a ranar farko. Ana fara yin gwaji ne mako ɗaya ko biyu kafin nan. Likita zai huda jijiya a matsematsi ko a wuyan hannu, ya zura siririn bututu har hanta yana kallon allo, majinyacin yana farke, an kashe masa wurin kawai. Zai zana taswirar jijiyoyin, ya toshe duk wadda za ta iya karkatar da ƙwallaye zuwa tumbi ko hanji, domin idan suka sauka can suna haddasa gyambon da ke da wuyar warkewa. Sannan ya zuba wasu ƙwallaye na gwaji, na albumin masu ɗauke da ɗan haske mai rauni, waɗanda su ma masu narkewa ne, cikin sa'o'i suke watsewa. Da su ake gane yawan abin da ke zarcewa huhu ta ɓarauniyar hanya. Idan ya haura kashi 20 cikin ɗari, ko lissafi ya nuna huhu zai sha fiye da Gire 30, ana fasa aikin. Duk asibitin da ya ce zai tsallake wannan mataki, kada ku amince.

Ya kamata kuma ku san iyakar abin da ake sa rai. Ga ƙari guda ɗaya ƙarami, maganin yana iya kashe shi ƙurmus, ko ya rage shi har a samu damar yin tiyata. Ga wanda ya yi nisa kuwa, manyan gwaje-gwaje biyu, SARAH a Faransa a 2017 da SIRveNIB a ƙasashen Asiya a 2018, sun kwatanta shi da ƙwayar maganin dajin hanta mai suna sorafenib, ba su ga ya ƙara tsawon rai a kanta ba, sai dai majinyatan sun fi samun sauƙin illoli. Daga baya wani ƙaramin gwaji a Faransa, DOSISPHERE-01, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna inda gizo ke saƙa: waɗanda aka lissafa wa ma'auni daidai da nasu ƙarin, aka tabbatar ya sha aƙalla Gire 205, matsakaicin abin da suka rayu wata 26 ne da ɗoriya, waɗanda aka ba ma'aunin bai-ɗaya kuma bai kai wata 11 ba. Da gilashi aka yi wa ɓangarorin biyu. Don haka idan za ka rubuta wa likitocin can, tambayar da ta fi nauyi ita ce Gire nawa suke nufin ƙarin ya sha, nawa sauran hantar za ta sha, kuma shin suna lissafa wa kowane majinyaci nasa ne.

Batun jikoki, hankalinku ya kwanta. Hasken itiriyom bai iya ratsa kaurin jiki ya fito da wani ƙarfi ba, kuma ba ya bin numfashi ko gumi. Za ku ci abinci kwano ɗaya da shi, ku yi musabaha, ya bi jam'i a masallaci idan yana da ƙarfi. Abin da aka saba faɗa shi ne a 'yan kwanakin farko, har zuwa mako guda, kada ƙaramin yaro ya daɗe zaune a cinyarsa, mai juna biyu kada ta daɗe dab da shi, a kuma riƙa wanke hannu da kora ruwa sosai bayan ya yi fitsari a ranar farko. Za su ba ku takardar umarni, ku bi ta. Ku sa ran kasala ta mako ɗaya ko biyu, da ɗan zazzaɓi, tashin zuciya da ciwo a gefen dama na ciki. Amma idan bayan wata ɗaya ko biyu idanunsa suka fara ɗorawa ko cikinsa ya fara kumbura, ko ya riƙa jin zafi mai tsanani a bakin ciki, ko bayan gidansa ya yi baƙi, a kai shi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita irin aikin da aka yi masa.

Akwai haɗarin da ya fi hasken kusa da jikokin, kuma ba zan rufe wannan amsa ban ambace shi ba. Idan gwaji ya nuna Baba yana da ciwon hanta nau'in B, to iyalinsa, da ku 'ya'yansa, da 'yan'uwansa da suke ciki ɗaya, kowa ya je a gwada shi. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin ɗari na manya a Nijeriya suna ɗauke da cutar, galibi ba tare da sun sani ba. Wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, jarirai kuma a tabbatar sun samu allurar farko cikin sa'o'i 24 da haihuwa, wadda take cikin jerin rigakafin yara tun 2004. Wanda aka same shi da ita ya ga likita ya duba ko yana bukatar maganin tenofobir, kuma idan yana cikin masu haɗari ya riƙa yin hoton hanta duk bayan wata shida. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu a daina cinsu, a daina yin ƙuli-ƙuli ko kunu da su, domin dafin da ke cikin fumfunar, idan ya haɗu da ciwon hanta nau'in B, yana ninka haɗarin wannan daji sau da yawa. Idan ka samu sakamakon bilirubin da albumin na Baba da rahoton hoton hantarsa na ƙarshe, ka kai wa likitansa tare da tambayoyin nan, ku zauna ku duba su kafin a sayi tikitin jirgi.